Idanun Isyaku Direba

A shekarar da sojoji suka koma bariki, Isyaku yana da shekara talatin da bakwai, ya kuma yi tuƙi a wurare tara ba tare da ya cika shekara biyu a ko ɗaya ba. Mutumin Rano ne. Ya shigo Kano yana saurayi, ya koyi mota, ya yi aure, ya kama ɗaki biyu a Unguwar Gano shi da matarsa Hauwa da 'ya'yansu uku. Ba a taɓa sallamarsa don ya ɗauki abin wani ba, ba ya shan komai, ba ya ɗaga wa kowa murya. Duk inda ya bari, magana ɗaya ake yi a bayansa: mutumin kirki ne, amma hankalinsa ba ya jikinsa.

Lokacin da yake jan bas tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Bata, fasinja kan ce "akwai" har sau uku, kwandasta ya bubbuga jikin mota, shi kuwa yana jin su kamar kiran da ake yi a wata unguwa. Ba barci yake ba. Wataƙila shamuwa ce ta gifta ta saman wani rufi, ya bi ta da ido, daga nan ya tuna kukar da suke sauka a kanta a garinsu, daga kukar ya tuna rijiyar da ke gefenta, da sanyin guga a tafin hannu. Kafin ya dawo an wuce wurin sauka da nisa, mota ta cika da mita.

Bayan bas ya koma tuƙin gida. Wata Hajiya da ya yi wa aiki wata bakwai, ya kai ta biki unguwar Babban Giji, ta ce ya jira ta. Rana ta juyo kan motar, ya tayar da ita don ya matsa inuwa. Bai san yadda aka yi ba, sai ganin kansa ya yi a ƙofar gidanta a Tarauni yana yi wa maigadi hon, kujerar baya babu kowa. Hajiyar ba ta yi faɗa ba. Washegari ta karɓi makulli, ta ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sai kuma maganar idonsa. Idan kana yi masa magana, idon zai sauka a fuskarka ya ɗan tsaya, sai ya zille gefe, ya dawo, ya sake zillewa, ga yawan ƙiftawa, kamar tsuntsun da ya rasa reshen da zai zauna. Tun yana yaro ake gaya masa. Ya sha gyara madubin mota ya ƙura wa kansa ido don ya ga abin da ake faɗa, amma a madubi idonsa tsaye yake kamar na kowa. Sai ya ɗauka neman magana ne irin na mutane.

Saura mako biyu a rantsar da sabuwar gwamnati, wani maƙwabcinsa ya zo masa da albishir. Akwai wani Alhaji a Tarauni da ya ci zaɓen majalisar jiha, ya sayi sabuwar mota, yana neman direba. A kwanakin nan gari ya cika da irin wannan labari. Kowa yana da wanda ya sani da ya ci wata kujera, kowa yana jin tasa ƙofar ta kusa buɗewa. Hauwa ta goge masa farar shaddarsa, ta rako shi har zaure tana cewa ya dai natsu.

Falon Alhajin cike yake da 'yan taya murna, suna zaune a ƙasa bisa kafet. Da aka zo kan Isyaku, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya miƙa lasisinsa. Alhajin ya duba ya mayar masa, ya shiga lissafo yadda aikin yake: ƙarfe nawa za a fito, wace makaranta za a kai yara, wace rana uwargida ke zuwa asibiti, wa za a ɗauka a hanya, wa ba za a ɗauka ba. Isyaku ya kama farkon maganar da kyau. Amma akwai wani jan zare da aka ɗaura a jikin fankar da ke tsaye a kusurwa, iska tana kaɗa shi, yana miƙewa yana lanƙwashewa kamar harshen wuta. Ya ce bari ya kalle shi sau ɗaya kawai.

"Da kai nake magana," in ji Alhajin.

"Ina ji, ranka ya daɗe."

"Me na ce za ka yi ranar Talata?"

Isyaku ya laluba cikin kansa, bai sami komai ba sai jan zare. 

Alhajin ya juya wajen maƙwabcin da ya kawo shi. "Ka gan shi? Tun da ya shigo idonsa bai tsaya a kaina ba. Yana kan labule, yana kan bidiyo, yana kan ƙofar ɗaki. Ni ba zan sa mai irin wannan ido a cikin iyalina ba. Mai gaskiya kallon mutum yake yi."

Da ƙafa ya koma gida. Zafin bazara ya kwanta a kan kwalta har tana rawa daga nesa, hotunan 'yan takara da rana ta cinye suna ɓarewa daga jikin bango. An sha ce masa sakarai, an sha ce masa malalaci, duk ya saba. Ba a taɓa ce masa marar gaskiya ba sai yau. Ya yi ta tafiya yana gwada kansa. Zai zaɓi wani turken lantarki can gaba, ya ce ba zai ɗauke ido daga kansa ba har ya isa. Kafin ya yi taku goma sai ya tsinci kansa yana karanta rubutun bayan wata tifa.

Hauwa ta gane tun daga sallamarsa. Ta ajiye masa ruwa, ba ta tambaya ba, sai da ya faɗa mata da kansa.

"Malam, shekara goma sha uku muna tare," ta ce. "Ka manta cefane a masallaci, ka manta ni kaina a gidan suna, amma ba ka taɓa yi min ƙarya ba. Shi bai san ka ba ne."

Kwana biyu bayan haka yayarsa Hasana ta biyo ta gidan da farin kayanta, ta tashi daga aikin safe. Nas ce a asibitin koyarwa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ita ce kuma ta fara zuwa birni a gidansu. Hauwa ta riga ta ba ta labari. Ta zauna a kan tabarma ta cire takalmi, ta dubi ƙanen nata.

"Akwai wata likita a wurinmu, Dakta Khadija," ta ce. "Tana wani bincike a kan manyan mutane masu irin halinka. Da ta bayyana min waɗanda take nema, sai na ji kamar kai ta sani. Ina so ka je."

"Yaya, kin mayar da ni mahaukaci ke nan."

"Da mahaukaci ne kai, da tuni na kai ka da kaina ba shawara. Idonka za ta duba, ta yi maka tambayoyi. Ba allura, ba komai."

 Da a makon da ya wuce ne da ya ƙi. Amma maganar Alhajin tana nan zaune a ƙirjinsa, sai ya ce to.

Ɗakin likitar yana can ƙarshen wata doguwar baranda, bayan sashen masu ciwon ido. Dakta Khadija 'yar siririya ce mai tabarau, tana magana a hankali kamar mai gudun tayar da wani daga barci. Ta fara haska masa ido da 'yar tocila, ta sa shi karanta haruffa daga nesa, ta ce ganinsa lafiya lau, har ya fi nata. Sannan ta zaunar da shi gaban tebur, inda aka kafa wani ɗan katako mai wurin ɗora haɓa. A gabansa akwai kyamarar bidiyo a kan ƙafafu uku. A jikin bango an manna farar takarda mai baƙin ɗigo a tsakiya, girman ƙwayar gyaɗa, da ƙananan ƙwayayen fitila biyu, ɗaya hagu ɗaya dama.

"Malam Isyaku, wannan ɗigon za ka kalla. Minti ɗaya kacal. Kada ka kalli komai sai shi."

Ya ɗora haɓa ya kafa ido. Da farko ɗigo ne. Can sai ya zama kamar bakin ramin tururuwa a tsakiyar farin yashi, ya ji yana jiran wata ta leƙo. A baranda ana tura gadon marar lafiya, ƙafar gadon ɗaya tana kuka, kukan ya yi nisa har ya ɓace. Wani wuri ana zuba ruwa a bokiti. Ya ji iskar taga ta taɓa bayan wuyansa da ƙanshin hadari wanda bai riga ya iso ba. Duk da haka, a ransa ya riƙe ɗigon gam. Da ta ce ya isa, ya ɗago yana murmushi, don ya tabbata bai motsa ba.

"Yanzu fitilu," ta ce. "Idan ta hagu ta kama, ka kalli dama. Idan ta dama ta kama, ka kalli hagu. Kada ka kalli wadda ta kama."

Ya so ya yi dariya don sauƙin abin. Ta hagu ta kama. Kafin ya gama cewa dama a ransa, idonsa ya riga ya je hagu ya dawo. Ta dama ta kama, haka aka sake. Ya cije leɓe, ya dafe tebur. Wani lokaci yakan ci nasara, ya ji daɗi, sai ta gaba ta fizge shi. Ya ji kamar akwai wani a cikinsa da ya fi shi sauri, wanda ba ya jiran izini. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Ka yi wa kanka a hankali," in ji likitar. "Ba jarrabawa ba ce."

Ta cire tabaranta don ta goge da bakin mayafi, sai hannun tabaran ɗaya ya cire ya faɗi a kan tebur. Tana juya shi ke nan aka leƙo aka ce ana neman ta a waje. Ta ajiye tabaran, ta ce ya ba ta minti biyu, ta fita tana ƙanƙance ido.

Isyaku ya zauna shi kaɗai. Idonsa ya zaga ɗakin, ya sauka a kan tabaran. Ya ga 'yar ƙusar da ke riƙe hannun ce ta kwance, ga ta can a bakin tebur, ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya lashi yatsa ya ɗauko ta. Ya zaro sabuwar reza daga aljihu, ya kafa gwiwar hannu a tebur, ya ɗaga tabaran saitin fuskarsa inda hasken taga ke faɗowa. Ramin ƙusar ya ɗan buɗe, sai ya matse shi da farce, ya saita, ya sa bakin rezar ya fara murzawa kaɗan-kaɗan. Kukan gado ya ɗauke, zubar ruwa ta ɗauke, taga ma kamar babu ita. Duniya ta tattaru ta zama girman ƙusar nan. Da ya gama ya lura ɗaya hannun ya karkace, ya daidaita shi, ya gyara inda ke zama a kan hanci.

Da likitar ta dawo ya miƙa mata. Ta sa, ta juya kai hagu da dama, ta ce tun da ta saye shi bai taɓa zauna mata haka ba. Ta ba shi haƙurin daɗewa, ta ce kwata ɗin awa ta yi. Shi ya ɗauka numfashi biyu aka yi. Sai ta waiwaya ta ga jar fitilar kyamara tana nan a kunne, ta manta ba ta kashe ba.

Kafin su tafi ta kira Hasana da Hauwa, waɗanda suka rako shi, ɗaya bayan ɗaya. Hasana ta ba ta labarin awakin da ya bari suka shiga gonar mutane yana yaro, da bulalar da ya sha a firamare, da takalman da ya ɓatar. Hauwa ta ce yakan fara abu biyar bai gama ɗaya ba, yakan tashi ana cikin hira, amma ranar da ya buɗe agogon bangonsu da ya tsaya, tun hantsi har la'asar bai ɗago ba, abinci ya huce a gefensa.

Ya koma ranar Litinin da ta biyo bayan rantsuwa. An yi ruwan farko da yammacin Lahadi, gari ya wayi da ƙanshin ƙasa, a teburin mai shayi ba a zancen komai sai sabuwar gwamnati da abin da za ta yi. Dakta Khadija ta ja labule, ta sa kaset, ta kunna talabijin.

Idanu biyu suka cika gilashin, kowanne ya kai faifai. Sai da ya ga tabon da ke girarsa ta hagu ya yarda nasa ne. Suna kallon gaba, sai suka yi wuf gefe, suka dawo. Suka ƙifta, suka sake zillewa, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, kamar kifaye biyu a cikin kwano. Ya matso da kujera. Shekara talatin da bakwai yana ɗauke da su, yau ya fara ganinsu yadda mutane ke ganinsu.

"Wannan lokacin ɗigo ne?" ya tambaya.

"Shi ne."

"Amma ni ban motsa ba."

"A saninka ba ka motsa ba. Idon kowa yana irin wannan 'yar zabura, mai shi ba ya ji, ko a madubi ba ya gani. Bambancin shi ne, yawancin mutane idan suka sa kansu jira, idon yakan lafa. Naka ba ya lafawa. Na ƙirga, a minti ɗayan nan sau talatin da ɗaya ka bar ɗigon. A fitilu kuma, cikin arba'in, ashirin da bakwai ka bi wadda aka hana ka."

Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya ɗago, akwai saura. Ta tura kaset ɗin gaba.

Sai ga idanun a bayan tabarau, sun ɗan karkata ƙasa, suna kallon wani abu da ba a gani. Ba su zille ba. Ƙiftawar ma sai jifa-jifa. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, ɗakin shiru sai ƙarar kaset. Isyaku ya ga wata natsuwa a fuskar mutumin da ke cikin talabijin wadda bai san yana da ita ba, kamar fuskar mai kallon ruwa yana sauka a gonarsa.

"Shi ma wannan kai ne," in ji ta.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ba ciwon ido ba ne, ba hauka ba ne, ba kuma shafar aljanu ba. Akwai mutanen da aka halitta da wahalar tattara hankali wuri ɗaya, musamman a kan jira, ko doguwar magana, ko aikin da ake maimaitawa. An daɗe ana ɗauka na yara ne, yana wucewa idan an girma, amma da yawa suna girma da abinsu. Abin da ke hana ido bin fitila shi ne ke hana hankali bin duk abin da ya gifta, to nasa birkin ba shi da ƙarfi. Ta ce kaset kaɗai ba ya yanke hukunci, ta haɗa ne da abin da shi da matarsa da yayarsa suka faɗa.

"Wato ba lalaci ba ne," ya ce a hankali.

"Ba lalaci ba ne. Ba kuma rashin gaskiya ba ne."

Ya dubi tafin hannunsa. Ya ji wani abu ya sauka daga kafaɗarsa, sai kuma baƙin ciki ya biyo baya, na shekarun da ya yi yana zagin kansa a zuci.

"Akwai magani, likita?"

"Akwai wanda ake bayarwa a wasu ƙasashe, a nan samunsa da wuya, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ni da shi ba. Amma zan gaya maka gaskiya guda biyu. Tuƙi ba naka ba ne, Allah ne ya tsare ka zuwa yau. Hannunka kuma yana da abin da ba kowa ke da shi ba."

Ta yagi takarda ta rubuta wani suna da ɗan saƙo, ta ba shi ya kai masa.

Malam Ja'afar yana da ɗan shagon tabarau a tsallaken titi, daura da ƙofar asibitin. Dattijo ne, ya shekara ashirin yana sana'ar, yanzu hannunsa ya fara rawa. Ya karanta takardar, ya ɗauko wani tabarau da aka taka, ya ajiye a gaban Isyaku, ya koma kan kujerarsa. Bayan rabin awa ya karɓa ya juya shi a haske, ya ce ya dawo gobe da safe.

Ba a rana ɗaya abin ya daidaita ba. A makon farko Isyaku ya ba wata tsohuwa tabaran wani ɗalibi, ta dawo tana cewa duniya ta koma hayaƙi. Wata rana an aike shi karɓo gilasai, ya dawo da rake. Malam Ja'afar ba mai faɗa ba ne, mai lura ne. Ya juya masa teburinsa ya fuskanci bango, ya ba titi baya. Ya kashe rediyo. Ya samo ƙananan faranti, kowane tabarau da farantinsa da sunan mai shi a takarda, ya kafa doka cewa faranti ɗaya ne zai hau tebur a lokaci guda. Idan zai ba shi saƙo, abu ɗaya yake faɗa, ya sa shi ya maimaita.

"Ni zan yi magana da mutane," ya ce, "kai ka yi magana da ƙarfe."

Damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe gefen kwalbatoci. Ma'aikatan asibiti suka fara cewa a kai wa sabon mutumin Malam Ja'afar, har abin da aka fid da rai yana tayarwa. Bai daina mantuwa ba. Hauwa ta ɗinka masa aljihu a cikin riga, ta sa masa ɗan littafi da fensir ɗaure da zare, wani lokaci littafin ma yakan manta ya duba. Amma yamma na yi yakan tashi daga teburin da wata gajiya mai daɗi da bai taɓa sani ba a bayan sitiyari.

Ana cikin haka aka aiko daga makarantar 'yarsa ta biyu, Zainab, mai shekara tara, ana son ganin mahaifinta. Ya nemi izini ya tafi da hantsi. Kafin ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofar ajin. Yara sun fi sittin, suna maimaita abin da malama ke faɗa da murya ɗaya. Zainab tana can layin ƙarshe kusa da taga, bakinta a ɗan buɗe, fensir a hannu, fuskarta tana wajen tagar.

Malama Jummai, malamar ajin, ta fito ta same shi. Ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, amma ta gaji da ita. An yi faɗan, an yi bulalar, kullum jikinta ne a aji, ita tana wani wuri.

Isyaku bai saba doguwar magana ba, amma ya yi ƙoƙari. Ya gaya mata abin da likita ta gaya masa, iya abin da ya riƙe. Ya ce bai sani ba ko irin nasa ne, zai kai ta a duba. Ya roƙe ta ta dawo da ita gaba kusa da allo, ta riƙa ba ta aiki kaɗan-kaɗan, ta kira sunanta kafin ta faɗi abu mai muhimmanci.

"Bulalar kuma, Malama, don Allah a ajiye ta. Ni na sha ta shekara shida, ba ta ƙara min komai ba."

Malamar ta dube shi, ta dubi ajin da ya fara kaurewa da surutu. Ta ce yara sittin da huɗu gare ta, ba za ta yi alkawarin komai da komai ba, amma maganar wurin zama da bulala ta ɗauka.

Ya jira a gindin darbejiya har aka tashi. Zainab ta fito tana jan jaka, ta gan shi ta tsaya, tana jiran faɗa. Ya karɓi jakar ya rataya, suka kama hanya suna tsallake ruwan da ya kwanta a lungu.

"Me kike kallo ta taga ɗazu?" ya tambaye ta.

Ta ɗago ta dube shi don ta tabbatar ba tarko ba ne. Sannan ta fara, da farko a hankali, daga baya da sauri. Ta ce zanzaro ne ke gina ɗaki a kusurwar tagar. Yana zuwa bakin famfo ya ɗebo laka, ya dunƙule ta kamar ƙwallo, ya kawo ya liƙa, ya shafe da ƙafa. Yau sau goma sha huɗu ya je. Ɗaki uku ya gama, na huɗu ya kai rabi, jiya kuma ya shigar da wata koriyar tsutsa cikin na biyu ya toshe bakin.

Yana saurare, sai wani mai keke ya wuce da tantabaru a cikin keji, farare biyu da wata mai ruwan toka. Ya bi su da ido har suka sha kwana. Da ya dawo, ya tarar ta yi nisa a labarin, har ta kai wani wuri da bai san yadda aka zo ba. Ya tsaya, ya dafa kanta.

"Na tafi na bar ki," ya ce. "Koma min daga inda ya ɗebo laka."

Ta gyara ɗankwalinta, ta koma daga bakin famfo.